MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO: Darasi a Kan Ɗaliban Injiniya da Aikin Taimakon Jama'a

Gabatarwa

Kowace shekara mukan tambayi 'yan ajin ƙarshe abin da suke so su zama, kuma ba a taɓa rasa waɗanda za su ce injiniya ba. Iyaye sukan yi murna, mu ma malamai mukan yi. Amma in muka ƙara tambaya, "To, wa za ka yi wa aikin?" sai a ce kamfanin mai, ko Abuja, ko Legas. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai yaron da ya tashi daga Ikara, ko Makarfi, ko Kudan zai tafi jami'a, a kan hanyarsa zai wuce kwandunan tumatir suna ruɓewa a bakin titi, da famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace tun bara, da mata masu sussukar dawa da taɓarya. Waɗannan duka aikin injiniya ne, suna nan suna jiran mai yi.

A wannan darasi za mu duba yadda ɗaliban injiniya suke kallon irin wannan aiki in ya shigo cikin karatunsu. Za mu kuma ɗauki misalai daga ƙasarmu da wasu ƙasashe, mu ga abin da yake sa na'ura ta karɓu a hannun jama'a, da abin da yake sa ta zama tarkace.

1. Wane irin aiki muke nufi?

A jami'o'in Nijeriya karatun injiniya shekara 5 ne. A shekara ta huɗu ɗalibi yakan yi wata 6 a masana'anta domin sanin makamar aiki. A ta biyar kuma sai ya zaɓi wani abu ya zana, ya ƙera, ya gwada, ya rubuta rahoto, ya kare shi a gaban malamai. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, da kwalejojin kimiyya da fasaha na kewaye da mu, haka tsarin yake da ɗan bambanci. Da yawa daga cikin ɗalibai sukan zaɓi abin da ya shafi karkara, kamar injin ɓare gyaɗa, ko akwatin busar da kayan miya da zafin rana, ko murhu mai cin itace kaɗan, ko matatar ruwan sha. Wannan shi muke kira aikin ƙira domin taimakon jama'a.

A ƙasashen waje an daɗe da shigar da shi cikin manhaja. A Faransa aka kafa ƙungiyar injiniyoyin da ba ruwansu da iyakar ƙasa a 1982, irinta kuma ta kafu a Amurka a 2002 da sunan Engineers Without Borders. Jami'ar Purdue ta Amurka ta soma haɗa ɗalibanta da ƙungiyoyin jama'a tun 1995. A Ostareliya kuwa, daga 2007, ɗaliban shekarar farko sukan shiga gasar ƙira a kan matsalar wani ƙauye na gaske.

Akwai dalilin wannan ƙoƙari. Wata malama mai suna Erin Cech ta bi ɗaliban injiniya fiye da 300 na manyan makarantu huɗu a Amurka, tun shigarsu har bayan fitarsu. A 2014 ta buga abin da ta gano: damuwarsu da jin daɗin jama'a ta ragu a lokacin karatun, maimakon ta ƙaru. Wato yaro ya shigo da zuciyar taimako, amma yawan lissafi da jarrabawa suka koya masa cewa maganar mutane ba ta cikin aikinsa. Ya kamata wannan ya dame mu, gama 'ya'yanmu ne muke turawa can.

2. Yadda ɗalibai suke kallon aikin

Tsofaffin ɗalibanmu sukan leƙo mu lokacin hutu, mukan kuma zauna mu yi taɗi. Daga bakinsu muka fahimci cewa kallon ya kasu kashi uku.

Na farko su ne masu neman maki. A wurinsu aikin gada ce kawai zuwa ga takardar shaida. Injin ya tashi a ranar da malamai suka zo, shi ke nan. Wani ya gaya mana cewa bayan ɗakin aikin makarantarsu akwai tulin injunan ɗalibai na shekaru da yawa, tsatsa tana ci, ba wanda ya taɓa ganin gona. Kada mu yi saurin ganin laifinsu. Ɗalibi da kuɗin aljihunsa yake sayen ƙarfe, ya biya mai walda, lokaci kuma kaɗan ne.

Na biyu su ne masu raini. Suna ganin injin ɓare gyaɗa aikin maƙeri ne, injiniyan gaske kuwa sai jirgin sama, ko matatar mai, ko kwamfuta. Suna tsoron kada mai ɗaukar aiki ya ga abin da suka ƙera ya yi musu dariya.

Na uku su ne masu tausayi. Waɗannan sun fi ba mu sha'awa, amma su ma akwai rami a gabansu. Sukan tafi ƙauye da tunanin cewa su ne masu sani, mutanen ƙauye kuwa masu jira ne. Sun riga sun zo da amsa kafin su ji tambaya.

Wata tsohuwar ɗalibarmu ta ba mu labarin kanta, da izininta kuma muke maimaitawa. Ta ƙera akwatin busar da tumatir mai murfin gilashi, ta sami maki mai kyau. Da ta kawo shi gida wurin kawunta mai noman rani, ya duba ciki da waje, ya yaba, sa'an nan ya ce, "'Yata, kwando nawa yake ci?" Ta ce rabin kwando, cikin kwana uku. Ya nuna mata kwanduna talatin da aka tsinko da safen nan, ya ce, "Sauran fa, su jira?" Ta ce mana a ranar ta soma karatun injiniya, ko da yake takardar shaidarta tana cikin jaka.

Abin da muke so ku riƙe ke nan. Aikin taimakon jama'a ya fi kowace jarrabawa ta injiniya wuya, domin mai duba takardar shi ne mai amfani da abin. Ba ya ba da maki don tausayi. In abin bai yi masa ba, zai ajiye shi a bayan ɗaki, kaji su riƙa ƙwai a ciki.

3. Darasi daga Gimi

Ba sai mun yi nisa ba kafin mu sami misali. A 1913 wasu daga cikin zuriyar Isawa suka zo wurin Likita Miller na mishan ɗin CMS a Birnin Zariya. Aka ba su fili a Gimi, cikin ƙasar Makarfi ta yanzu, suka kafa ƙauye. Wanda ya zauna tare da su shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙin mutum daga tsibiran Karebiyan, inda aka gwanance da aikin rake. Ya koya musu matse rake da injin ƙarfe, a dafa ruwan har ya daskare. Sana'ar ta bazu a ƙasar Zazzau, har injin da doki yake juyawa ya zama abin da kowa ya sani. Yau in an ce Makarfi, mazarƙwaila ce take fara zuwa zuciyar mutane, Musulmi da Kirista kuwa duk suna ci daga wannan sana'a.

Me ya sa abin ya kama? Bari mu lissafa. Rake yana nan a fadama tun da can, ba a ce kowa ya canza abin da yake nomawa ba. Ɗanyen rake yana da nauyi, ba ya kuma jure ajiya, amma mazarƙwaila takan daɗe, ana iya kai ta kasuwa mai nisa. Doki yana nan a gari. Tuƙar raken da aka matse, in ta bushe, ita ce makamashin dafa ruwan. In injin ya lalace, maƙeri yana iya taɓa shi. Fiye da kome, akwai riba, don haka wanda ya gani wurin maƙwabcinsa ya je ya nemi nasa, ba wanda ya roƙe shi.

Amma labarin Gimi yana da ɗaya gefen mai ban tausayi. Wurin da aka zauna akwai ƙudan tsando a kurmin rafi. Ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, cikin shekaru kaɗan sauran suka watse. Masu kyakkyawar niyya ne suka shirya zaman, duk da haka abin da ba a lura da shi ba ya ci rayuka. Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa mai aiki nauyin bincike. Wanda zai gina wa mutane rijiya, ko gada, ko murhu, rayukansu ne aka danƙa masa.

4. Darasi daga Samaru

A da, masana da yawa suna ganin yadda manomanmu suke haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya alamar rashin ci gaba ce. Shawararsu ita ce a shuka abu ɗaya, layi-layi. A 1966 zuwa 1967 wani mai bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, David Norman, da abokan aikinsa suka bi manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, wato Hanwa, da Doka, da Ɗan Mahawayi. Suka rubuta sa'o'in aikin kowane gida da abin da aka girbe. Sakamakon ya nuna manomi yana da gaskiya. Gonar haɗi ta fi ba da amfani a kowace eka, ta fi biyan wahalar mutum a watannin Yuni da Yuli lokacin da noma yake tsananta, in kuma ruwa ya yi gardama ba a rasa duka ba.

Ku dubi abin da wannan yake nufi ga ɗalibin injiniya. In ya zauna a aji ya zana injin shuka ko na noma bisa ga hoton gonar da ke cikin littafin Turawa, ranar da ya kai shi Hunƙuyi zai tarar da gero a gicci, wake kuma yana yaɗo a tsakanin kunya. Injin zai tumɓuke abincin gida. Manomi bai ƙi ci gaba ba, injin ne bai san gonar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

5. Tukunya da buhu

Ga misalai biyu na abin da ya yi daidai da masu shi.

A tsakiyar shekarun 1990 Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya gyara wata tsohuwar dabara. A sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. 'Yan ajin kimiyya sun san sirrin. Ruwa yana tsatsafowa ta jikin tukunyar waje, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin da ke ciki. Zafin da lita ɗaya ta ruwa take ɗauka kafin ta zama tururi ya ninka fiye da sau 5 wanda ake bukata a kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Shi ya sa dabarar ta fi aiki da rani, lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa ƙarfinta yakan ragu. A gwajinsa, gautan da yake lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Da albashinsa ya sa magina suka yi guda 5,000 na farko, ya raba a ƙauyuka. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex mai dala 75,000. Ba lantarki, ba kayan gyara daga waje, yumɓu ne da yashi da ruwa.

Na biyu shi ne buhun adana wake mai ruɓi uku, wanda ake kira PICS. Masana na Jami'ar Purdue da abokan aikinsu a Marwa ta ƙasar Kamaru suka faro shi, daga 2007 aka yaɗa shi a Afirka ta Yamma, har aka riƙa yinsa a Kano. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne daban. Ƙwarin da ke cikin waken sukan shanye iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Ba a bukatar zuba maganin da yakan sa wake ya zama guba. Masu aikin ba su tsaya ga ƙira kaɗai ba. Sun bi ƙauyuka suna ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni su dawo a buɗe a gaban kowa. Gani ya kori ji.

6. Lilon da ya zama wahala

Yanzu ga misalin da ya kamata masu tausayi su yi ta tunawa. A Afirka ta Kudu aka ƙera wani famfo mai suna PlayPump. Lilo ne mai juyawa, yara suna wasa, ruwa yana hawa tanki. Hoton ya burge duniya. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alkawarin dala miliyan 16.4, kowane famfo kuwa yana cin wajen dala 14,000, kuɗin da zai sayi tuƙa-tuƙa da yawa. A 2009 jaridar Guardian ta Ingila ta yi lissafi cewa sai yara sun yi sa'a 27 suna juya lilon kowace rana kafin ruwan ya ishi mutum 2,500 da aka ce zai isa. Rana kuwa sa'a 24 ce. A wasu ƙauyukan Mozambik an cire tuƙa-tuƙan mutane ba a tambaye su ba, tsofaffin mata suka koma tura lilo da hannu, in ya lalace kuma a yi watanni ba mai gyara. Zuwa 2010 ƙungiyar da ta yaɗa shi ta naɗe tabarmarta.

Lissafin da ya tona asirin wannan famfo, ɗan aji uku na makarantarmu zai iya yinsa. Abin da aka rasa shi ne mai tsayawa ya tambayi matan da suke ɗiban ruwa.

7. Aikin da yake jiranku

Ku dubi tumatir. An gina masana'antar sarrafa shi a Ikara a 1981, ta yi shekaru masu yawa a tsaye kafin a sake tayar da ita a 2014. A 2016 kuma tsutsar nan mai cin ganye ta cinye gonaki, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Manomin Kudan ba ya iya jingina da babbar masana'anta kaɗai. Yana bukatar dabarun da ke hannunsa.

Kwandon da ake lodawa a mota zuwa Legas, na sama yana danne na ƙasa, tsinken kwandon yana huda tumatir. Akwatin roba yana kare shi, amma wa zai biya kuɗin dawo da akwatin ba kome a ciki? Kauɗar da ake shanyawa a ƙasa tana kwasar ƙura da kashin awaki, amma wace rumfar shanya ce za ta ci kwando talatin a kuɗin da manomi zai iya? Injin matse rake yakan kama hannun mai tura raken, to, wane irin murfi za a sa wanda ba zai rage saurin aiki ba, har mai injin ya cire shi ya yar? Kowace tambaya a nan tana bukatar lissafi, da sanin ƙarfe, da sanin kasuwa, da sanin halin mutane. Wanda ya ce wannan ƙaramin aiki ne, bai gwada ba.

8. Abin da za mu yi

Ya ku ɗalibai, kafin ku zana kome, ku sami amsar tambayoyi huɗu. Wa ya ce yana da wannan matsala, ni ko shi? Yaya yake fama da ita yanzu, me kuma ya sa yake yin haka? In abin ya lalace, wa zai gyara, a wace kasuwa za a sami kayan? Nawa ne kuɗinsa, damina nawa kuma zai yi kafin ya biya kansa? Ku tambayi mata musamman, gama ruwa da girki da sussuka a hannunsu suke. In za ku shiga gari, ku fara gaida mai gari da dattawa, ku zauna a tabarma, ku ce, "Baba, mun zo koyo ne." Matambayi ba ya ɓata. Bayan wata shida ku koma ku ga ko ana amfani da abin. In ba a yi, ku rubuta dalilin da gaskiya. Reshen Kanada na ƙungiyar injiniyoyin nan ya soma buga rahoton kurakuransa a 2008, domin na baya su koya.

'Yan'uwa malamai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A darasin kimiyya da na aikin gona, bari mu sa yara su auna sanyin tukunya cikin tukunya da ma'aunin zafi, da rani da damina. Mu kai su wurin maƙeri da mai walda da masu dafa mazarƙwaila, su ga cewa ilimi bai ƙare a allo ba.

Iyaye da 'yan'uwa a ikilisiya, in ɗanku ko 'yarku ta dawo da wani abin da ta ƙera, kada ku yaba don kara, kada kuma ku kushe don raini. Ku gwada shi a gona, ku faɗi gaskiya kamar yadda kawun nan ya yi. In za a haƙa rijiya ko a sayi injin niƙa da kuɗin jama'a, ku sa su cikin shawara, ku kuma tabbata an ware kuɗin gyara tun ranar farko.

Ba kowane ɗalibinmu ne zai zauna a karkara ba, ba mu kuwa ce dole ne ba. Amma wanda ya koyi sauraron manomin Likoro, zai iya sauraron kowa a duk inda aiki ya kai shi.

Tambayoyi domin nazari

1. Kawo dalilai huɗu da suka sa injin matse rake ya karɓu a ƙasar Makarfi.
2. Me ya sa tukunya cikin tukunya ta fi sanyi a watan Fabrairu fiye da Agusta?
3. Idan mutum ɗaya yana bukatar lita 20 na ruwa a rana, famfo kuma yana ba da lita 1,000 a sa'a, sa'a nawa zai yi aiki domin mutum 600?
4. A lokacin hutu, nemi na'ura ɗaya a garinku da aka daina amfani da ita. Tambayi mutum uku dalili, ka rubuta amsarsu yadda suka faɗa, ka kawo wa malamin aji a makon farko.